Tiyatar RPLND: wane suna za mu ba ta da Hausa?

1/ Jama'a, musamman likitoci da masu fassara a asibiti, ku taya ni daidaita suna. Saurayi ya kamu da sankarar maraina, an cire wanda ya kamu, an yi masa kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara), sai hoton CT ya nuna akwai saura a cikin ciki. Tiyatar da ake yi a wannan mataki, wato a buɗe ciki a cire kaluluwar da cutar ta sauka a kai, likitoci suna ce mata RPLND.

2/ Shawarata: "tiyatar kwashe kaluluwar bayan hanji". Abin da ya saura kuma mu ce masa "ragowar ƙari".

3/ Kaluluwa kowa ya san ta. Ka yi miki a ƙafa, hantsa ta kumbura. Irinta ce ke jere can ciki, kusa da ƙoda, gefen manyan hanyoyin jini biyu da ke kwance kan ƙashin baya. Tun jariri yana ciki, a wajen ƙoda maraina suke fara samuwa kafin su gangaro, shi ya sa cutar in ta tashi yaɗuwa can take fara sauka.

4/ "Bayan ciki" bai yi ba, wani zai ɗauka bayan haihuwa ake nufi. Wanda na fi ƙi shi ne "tiyatar maraina ta biyu". Mai shekara 25 da ya rage da ɗaya, ka faɗa masa haka, abin da zai ji shi ne za a yi masa dandaƙa. Yana iya tashi ya tafi gida bai dawo ba, alhali ciki za a buɗe, ba za a taɓa wanda ya rage ba. Dole sunan ya faɗi wurin aikin.

5/ "Ragowar ƙari" kuwa, ba "ragowar sankara" ba, domin ba kullum ba ce sankara mai rai. Kusan rabi mataccen nama ne da tabo. Kaso mai yawa wani irin ƙari ne da ake kira teratoma, wanda kemo ba ya ci, kuma yana iya ci gaba da girma. Kaɗan ne ake samu da rai. Hoto ba ya bambance su, don haka a nau'in da ba seminoma ba (sankarar maraina manyan iri biyu ce: seminoma da wadda ba ita ba), abin da ya haura santimita 1 fitar da shi ake yi.

6/ Cuta ce da ake warkewa daga ita sosai tun da likita Lawrence Einhorn ya fara amfani da maganin kemo mai suna cisplatin a Jami'ar Indiana a 1974.

7/ Saura guda ban daidaita ba. Jijiyoyin da ke tura maniyyi waje ta wannan wuri suka bi. In sun taɓu, namiji yana nan da ƙarfinsa, amma maniyyi ya koma mafitsara. Akwai salon aikin da ke kare su. "Mai tsallake jijiya" za mu ce, ko "mai kiyaye jijiyar maniyyi"? Ni na fi karkata ga na biyu. Likitocin mafitsara, me kuke ce wa majinyata?