Vancouver-Point Grey: Yaya aka yi Firimiya ta faɗi a mazaɓarta alhali jam'iyyarta ta ci zaɓe?

Ɗan Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar siyasa, kuma a cikin nazarin da nake yi kan tsarin majalisa na ƙasar Kanada na ci karo da wani al'amari da ya ɗaure mini kai. A zaɓen lardin British Columbia na 2013, jam'iyyar Liberal ta Firimiya Christy Clark ta sake samun rinjaye, amma ita kanta ta sha kaye a mazaɓarta ta Vancouver-Point Grey a hannun David Eby na jam'iyyar adawa ta New Democratic Party (NDP). Ta yaya ta ci gaba da mulki bayan ta rasa kujerarta? Kuma me ya sa mazaɓar da aka san ta da masu hannu da shuni ta juya wa masu mulki baya? Masana a taimaka.

Malam Habu Mai Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Abin da ya rikitar da kai shi ne kana auna Firimiya da ma'aunin gwamna. A Najeriya ta yau al'ummar jiha gaba ɗaya ce ke zaɓen gwamna kai tsaye, amma a lardunan Kanada babu wanda ke jefa wa Firimiya ƙuri'a a matsayinsa na Firimiya. Kowa ɗan majalisar mazaɓarsa yake zaɓa, sannan shugaban jam'iyyar da ke da goyon bayan majalisa shi ke kafa gwamnati. Irin tsarin da muka yi a Jamhuriya ta Farko ke nan, lokacin da Sardauna yake Firimiyan Jihar Arewa.

A 2013 Liberal ta samu kujeru 49 cikin 85, NDP kuma 34, saboda haka mulki bai kuɓuce wa Clark ba. Doka ba ta tilasta mata sauka ba, sai dai al'ada ta nemi ta shiga majalisa ba tare da jinkiri ba. Sai Ben Stewart, ɗan jam'iyyarta mai wakiltar Westside-Kelowna, ya sauka ya bar mata gurbi, ta tsaya zaɓen cike gurbi a watan Yuli na shekarar, ta ci. Ka kuma lura cewa sunan Liberal da jam'iyyar lardin ta yi amfani da shi har zuwa 2023 yana yaudarar baƙo, domin ba reshe ba ce ta jam'iyyar Liberal ta tarayya; gamayya ce ta masu ra'ayin kasuwa da masu ra'ayin riƙau da suka haɗu don hana NDP mulki.

Hajiya Binta daga Vancouver ta rubuta:

Malam ya amsa tambaya ta farko, ni kuma bari in taɓa ta biyu, tun da na zauna a wannan yanki lokacin da nake karatu. Ƙanina, duk wanda ya gaya maka cewa Point Grey ta masu kuɗi ce zalla, rabin labari ya ba ka. Gaskiya ne akwai gidaje a bakin teku da suke cikin mafiya tsada a lardin, amma a cikin mazaɓar ne Jami'ar British Columbia take, da dubban ɗalibai da malamanta, sannan ga ɓangaren unguwar Kitsilano inda 'yan haya suka yi yawa. Idan ka bi wasu layuka za ka ga katafaren gida, mai shi a sama, ɗalibai kuma suna haya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma ranar zaɓe ƙuri'ar na ƙasa da ta na sama nauyinsu ɗaya.

Akwai kuma batun muhalli. Wanda ya tsaya a gaɓar Jericho ko Spanish Banks da yamma yana hango manyan jiragen ruwa sun yada zango suna jiran shiga tashar Vancouver, saboda haka da aka taso da maganar faɗaɗa bututun mai na kamfanin Kinder Morgan, wanda zai ƙara yawan jiragen dakon mai a wannan ruwa, mutanen yankin ba su ɗauke ta a matsayin labarin nesa ba. Shugaban NDP na lokacin, Adrian Dix, ya fito ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe ya nuna adawa da aikin. Masu sharhi da dama suna ganin matsayin ya jawo wa jam'iyyar asara a yankunan da ke dogaro da ma'adinai da masana'antu, amma a bakin teku bai cutar da Eby ba. Ga shi Clark tana zagayen lardi tana ƙoƙarin ceto gwamnatinta, Eby kuwa yana bin gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Sani Ɗan Agadas ya rubuta:

Hajiya, da girmamawa, ina ganin idan muka tsaya a 2013 kaɗai za mu ɗauka wani abin mamaki ne ya faru, alhali mazaɓar ta daɗe tana raba ƙafa. A da ba mutum ɗaya take turawa majalisa ba. Pat McGeer da Garde Gardom sun daɗe suna wakiltarta tare, da farko a Liberal, kafin su sauya sheƙa zuwa jam'iyyar Social Credit a 1975. A zaɓen 1986 kuwa, masu ƙuri'a suka ba Kim Campbell ta Social Credit kujera ɗaya, suka ba Darlene Marzari ta NDP ɗayar, wato mazaɓa guda ta tura mata biyu masu adawa da juna a rana ɗaya. Kim Campbell ɗin nan ita ce ta koma siyasar tarayya a 1988, har ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Firaministan Kanada a 1993. Da ta bar kujerar, Tom Perry na NDP ne ya ci zaɓen cike gurbi a 1989, sannan da aka koma tsarin wakili ɗaya a 1991 Marzari ta riƙe mazaɓar.

Sai a 1996 Gordon Campbell, tsohon magajin garin Vancouver kuma shugaban Liberal, ya karɓe ta. Ya zama Firimiya a 2001, a zaɓen da jam'iyyarsa ta kwashe kujeru 77 cikin 79, ya kuma riƙe mazaɓar har ya sauka a 2011 bayan fushin da jama'a suka yi kan harajin HST na sayen kaya. Abin da nake so ɗan'uwanmu ya kula da shi shi ne zaɓen cike gurbi na watan Mayun 2011: Clark tana sabuwar Firimiya, Eby kuma lauya ne da ke jagorantar ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta lardin, amma da ƙyar ta sha da ratar da ba ta kai ƙuri'a 600 ba. Wanda ya ga wannan sakamako ba zai yi mamakin rinjayen ƙuri'a dubu da 'yan kai da Eby ya samu bayan shekara biyu ba.

Malam Habu Mai Tarihi ya rubuta:

Malam Sani ya yi daidai, sai dai ban yarda a rage wa Eby ƙoƙarinsa ba, domin mazaɓar ta zauna shekara 17 a hannun Liberal kafin ya karɓe ta, kuma tun daga nan bai sake ta ba: ya ci a 2017 da 2020 da 2024. Ya zama Antoni Janar a gwamnatin John Horgan a 2017, sannan ya gaje shi a matsayin Firimiya a watan Nuwamban 2022. Ka ga ke nan wakilai uku da mazaɓar ta yi a jere, Gordon Campbell da Clark da Eby, kowannensu ya riƙe kujerar Firimiya.

Ɗan Gwale ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, Hajiya da Yaya Sani, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu zan nemi sakamakon rumfunan zaɓe na 2011 da na 2013 in kwatanta na kewayen jami'a da na unguwannin bakin teku, domin in ga ko ƙuri'un 'yan haya ne suka ƙaru ko kuwa masu gidajen ne suka sauya ra'ayi. Hajiya, idan kin san inda hukumar zaɓen lardin take ajiye irin waɗannan alƙaluma, don Allah ki nuna mini hanya.