Tukunyar sannu-sannu: a bar ta kunne a tafi aiki?

Amaryar Mabera: Assalamu alaikum matan zaure, ina kwananku. Shawara nika nema. Cikin kayan da yayata tak kawo min na aure akwai wagga tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, Crock-Pot aka rubuta jikinta. Wata huɗu tana cikin kwali. Ina koyarwa Arkilla, bakwai da rabi nika hita, sai ukku saura in dawo, sannan in kama girki da gajiya. An ce min ana zuba nama da sahe a kunna a tahi. Maigida ya ce sam, ba a barin wuta kunne gida ba kowa. Don Allah wadda tat taɓa gwadawa ta hwaɗa min gaskiya.

Hajiya Inno: Wa alaikumus salam ɗiyata. Mijinki na da gaskiya. Ni ko hwanka ban bari in zan hita. Wanda yag ga gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta 2021 ba a yi mishi wa'azin wuta.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya ina wuni. Allah Ya tsare gaba. Amma Amarya, shekarata uku da tawa, mu a gida tukunyar sannu-sannu muke ce mata. Don a kunna a bari aka ƙera ta. Wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, wajen wat 200 ne, alhali dutsen guga ya haura 1000, butar lantarki kuwa kusan 2000. Ba harshen wuta, ba abin da ke yin jajir. Firij ɗinki fa kullum kunne kike barin sa ki tafi makaranta. Ƙafar sa da ganda da bindin sa, duk abin da ke cinye miki gas, ita ce maganinsu.

Hajiya Inno: Firij sanyi shika yi, ba zahi ba.

Uwargidan Mai Wayarin: Na karanta wa Baban yara tambayar, ga shi zaune. Ya ce kafin komai ki kifa gindin tukunyar ki karanta abin da ke rubuce. In kin ga 120V, ta Amurka ce, kada ki kuskura ki soka ta a bangonmu, wutarmu 230 ce, nan take za ta ƙone. Irin wannan sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, kuma shi ba ya ba da shawarar a bar wannan haɗin kunne ba kowa. In 220 zuwa 240 ce, to tamu ce. Ya ce a aikinsa ba kasafai na'urar ce ke tayar da wuta ba, soket ne da ya saki, ko ekstenshin ɗin nan mai araha da aka jera wa kaya biyar, ko waya da ɓera ya ci. Ki sa ta kai tsaye a soket na bango ita kaɗai. Bayan awa ɗaya ki taɓa fulogin, in ya yi zafi ko kin ji ƙaurin roba, kashe ki kira mai gyara.

Amaryar Mabera: Na duba Anti. 230V, 210W, fulogi mai baki ukku. Abin murɗawa gare ta, ba mai lambobi ba.

Uwargidan Mai Wayarin: To ta Ingila ce, irin fulogin nan har fiyus gare shi a ciki. Saura abu ɗaya: ki sayi gad irin wanda ake sa wa firij, mai jinkirta wuta 'yan mintuna in an dawo da ita, ya kuma yanke in ta zo da ƙarfi. Shagunan kayan wuta na kasuwa duk suna da shi. Ki aje ta kan tayil ko dakalin siminti, nesa da labule da tukunyar gas, ki bar mata fili kamar taki guda ta kowane gefe. Kada ki bar wayar na lilo inda kyanwa ko yaro zai ja.

Anti Nas: Salam. Yanzu na fito daga dutin dare na ga zancen. Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma kun tsaya kan gobara, ni kuwa ba ita ce ke ba ni tsoro a garin nan ba. Ɗauke wuta ne. Tukunyar nan a hankali take hawa, sai ta yi awanni kafin nama ya kai zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Tsakanin digiri 5 da 60 shi ne inda suke hayayyafa, kuma sun fi jin daɗi wajen 37, zafin jikin mutum. To ki ɗauka kin kunna bakwai da rabi, tara aka ɗauke. Nama ya yi ɗumi bai dahu ba, murfi rufe, kicin ɗinki a watan Afrilu ya haura digiri 40. Ƙarfe ɗaya a dawo da wuta. Taki mai abin murɗawa ce, za ta ci gaba da kanta. Ki dawo uku ki tarar tana ɓararraka, ƙamshi ya cika gida, ba abin da zai nuna miki naman ya yi awa huɗu yana kwance cikin ɗumi. Wasu ƙwayoyin, irin su Staphylococcus, guba suke saki, kuma tafasa ba ta kashe gubar ko da ta kashe su. Hukumar aikin gona ta Amurka ma ƙa'idarta ke nan: in wuta ta ɗauke ba kya gida, a zubar, ko da ya yi kama da ya dahu. In kina gida kuwa, ki juye a tukunya ki ƙarasa kan gas nan take.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi Anti Nas kin tuna min. Ban so faɗa ba don kunya. Shekarar farko na bar farfesun kayan ciki, na je suna Wamakko, na dawo na tarar yana tafasa lafiya lau. Da dare ni da Baban su da 'yan biyu muka yi ta layin bayi, har sai da aka sa wa Hassana ruwa. Washegari maƙwabciyata ke ce min ai tun hantsi ba wuta sai bayan la'asar. Tun daga nan a kan sola nake sa ta.

Hajiya Inno: Kin gani ko? Kin hwaɗi daɗin kin ɓoye ɗacin.

Maman 'Yan Biyu: Na karɓi laifina Hajiya.

Amaryar Mabera: Subhanallahi. Ni zubar da nama a tsadar nan shi ma wani ciwo na. To yaya mutum ka sanin an ɗauke bayan hitarshi?

'Yar Runjin Sambo: Tawa mai lambobi ce, in an ɗauke aka dawo ba ta ci gaba, sai dai ki tarar tana ƙyafta ido. Haushi kam akwai, amma aƙalla ba ta yi miki ƙarya. Mai irin taki, ki sami ƙaramin agogon lantarki marar batir ki sa a wani soket, in kin dawo kin ga ya rikice kin san an yi. Ko mafi sauƙi, ki tambayi maƙwabciyar da kuke layi ɗaya.

Anti Nas: Agogon zai gaya miki an ɗauke, shi ke nan. Naman dai ya tafi.

Malamar Lissafi: Bari in yi muku lissafin sola tunda Maman 'Yan Biyu ta kawo. Wat 210 sau awa 8, yunit 1.7 ke nan in ta yi ta ja da iyakar ƙarfinta, a ƙaramar wuta kuwa bai kai haka ba. Batir ɗaya mai 200Ah da 12V yunit 2.4 yake ɗauka a takarda, kuma irin mai ruwan nan rabi ake so a sha. Wato da dare a kan batir kaɗai za ta wahalar da shi. Amma ke da rana za ki yi, lokacin da ranar Sakkwato ke dukan fanel, ai kusan kyauta ne. Sharaɗi dai soket ɗin kicin ya zama yana kan inbata. Gidaje da yawa fitilu da fanka kawai ake ɗorawa, ki tambayi wanda ya haɗa muku.

Amaryar Mabera: Muna da ƙarama, fanel biyu, amma falo da ɗaki kaɗai anka ja ma.

Malamar Lissafi: To a ja miki soket ɗaya zuwa kicin, aikin yini guda ne. Kada ki ɗauko ta falo ki dasa kan kafet.

'Yar Runjin Sambo: Wadda ba ta da sola, akwai jakar dahuwa, Wonderbag, daga Afirka ta Kudu ta fito. Ba ruwanta da wuta. Ki tafasa abinci sosai kan gas, ki sauke da murfinsa ki cusa cikin jakar ki zuge, zafin da ke ciki ya ƙarasa. Tela ma zai ɗinka miki da soso da atamfa in kin nuna masa hoto. Wake da shinkafa da miyar nama duk ina yi.

Hajiya Inno: Wanga shi na sabon abu? Mu da tsohon bargo muka naɗe tukunya mu tura ta cikin kwando tun kahin a haihe ku. Yanzu an sa mishi sunan Turanci an ɗora kuɗi.

Anti Nas: Hajiya ta ci gari. Sai dai a nan ma akwai iyaka: tukunya ta zama cike, ta tafasa da kyau kafin a naɗe, kuma in kin buɗe ki tarar da zafin da ba kya iya sa yatsa. In ta koma ɗumi-ɗumi, mun dawo gidan jiya. Amarya, in za ki yi da ta lantarkin, ga abin da nake yi. Ba na sa nama mai ƙanƙara, sai ya saki tun dare cikin firij. Da asuba ina ba shi tafasa ɗaya kan gas, in juye da zafinsa, kin ga ya tsallake matakin haɗarin tun ina gida. Cikawa daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Kuma a daina buɗe murfi ana leƙe, kowace buɗewa tana mayar da dahuwa baya da kusan minti 20.

Maman 'Yan Biyu: Ƙarin bayani kan wake. Namu na gida ba matsala, amma jan waken nan mai kamar ƙoda da ake sayarwa a manyan kantuna, busasshensa sai an jiƙa an tafasa shi da ƙarfi aƙalla minti 10 kafin ya shiga tukunyar. Yana da wani sinadari da ƙaramin zafi ba ya kashewa, amai da zawo yake sawa. Na gwangwani dafaffe ne.

Uwargidan Mai Wayarin: Kuma kaskon cikin nan na tangaran ne, kada ki zuba masa ruwan sanyi da zafinsa, tsagewa yake. In ya tsage ruwa na iya zuba kan wayoyin ƙasa, daga nan ta gama aiki.

Hajiya Inno: Duk na ji. Ni dai ɗiyata, abin da mijinki bai aminta ba kada ki yi shi bayan idonai. Ki bari shi gani da kainai.

Amaryar Mabera: In sha Allah Inna. Na gode ƙwarai, Allah Shi bar zumunci. Asabar muna gida mu duka, zan aika kasuwar Kara a sawo ƙahwar sa in kunna tun sahe shina kallo, in riƙa taɓa fulogin. Zancen soket na sola kuma sai na ga huskarshi bayan ya ci.

Anti Nas: Ki ba ta tafasar farko kan gas ko da kina gida, hannunki ya saba.

Hajiya Inno: In ta yi laushi a aiko yaro da kwano Gidan Igwai. Haƙorana ba su iya ta gas.