Me ya sa makiyayan Khan al-Ahmar ba sa gina gida?

Ɗan Tangaza: Jama'a, Larabawan ƙauyen nan makiyaya da ke gabashin Ƙudus, kullum a hoto sai rumfunan kwano da tanti. Talauci ne ko doka?

Malam Na-Gwale: Doka ce, ɗan'uwa. 'Yan ƙabilar Jahalin ne, an koro su daga hamadar Naƙab da ke kudancin Isra'ila a farkon shekarun 1950. Ƙauyen yana Yankin C, wato kusan kashi 60 cikin ɗari na Yammacin Kogin Jodan, inda yarjejeniyar Oslo ta 1995 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ta bar izinin gini a hannun sojan Isra'ila. Bafalasɗine kuwa da ƙyar yake samunsa. Ko garken tumaki ka kafa, sai takardar rushewa ta iso. Shi ya sa a 2009 suka gina makarantarsu da tsofaffin tayoyi da laka. A 2018 Kotun Ƙolin Isra'ila ta amince a rushe ƙauyen a mayar da su kusa da jujin garin Abu Dis, inda babu wurin kiwo.

Hajiyar Maraɗi: Malam, ka bar maganar kiwon. Matsugunan Yahudawa na Ma'ale Adumim da Kfar Adumim sun cinye makiyayar. Dabba ba ta fita, dole a sayi sha'ir, sannan a sayar da tumaki a biya bashin abincin. Haka garke ke narkewa.

Malam Na-Gwale: Gaskiya ne, Hajiya. Ga kuma shirin Isra'ila na gina gidaje a filin da ake kira E1, wanda zai haɗe Ma'ale Adumim da Ƙudus.