Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba aikin "gig"?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu fassara da masu aikin labarai. Kalmar da ke gabanmu yau ita ce "gig", wadda ake kiran aikin direban Uber da ita, da na mai kai abinci a DoorDash, da na duk wanda manhaja ke turo wa aiki ɗaya bayan ɗaya ana biyansa a kan kowanne. Daga bakin makaɗan jaz na Amurka ta yaɗu: a gayyace ka wasan dare guda, ka yi, a sallame ka. A rubuce-rubucenmu na ga "aikin wucin gadi", na ga "aikin kwangila", na ga "ƙwadago", har da "buga-buga". A ganina babu wadda ta zauna daram.

Kafin raɗa suna, mu fara duba inda gizo ke saƙar. Direba a Amurka matarsa ta haihu, ko mahaifiyarsa ta kwanta jinya. Zai iya ajiye mota na wasu makonni ya samu abin sa wa a bakin salati? Amsar tana ga sunan da doka ta kira shi da shi, da kuma jihar ko birnin da yake zaune.

Dokar tarayya ta 1993, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, ta ba ma'aikaci mako 12 ya kula da jariri ko majinyaci ba tare da an kore shi ba, amma babu ko sisi na albashi. Kuma sai in kamfanin na da ma'aikata 50 zuwa sama, ka shekara a wurin, ka yi awa 1,250 a cikin shekarar. Wanda aka rubuta a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa ko inuwar dokar bai shiga ba. Hutun da ake biyan kuɗi kuwa jihohi ne suka ƙirƙiro abinsu. Kalifoniya ta yi dokarta a 2002, ta fara biya a 2004, yanzu tana ba da mako 8. Jihar Niyok ta fara a 2018, yanzu mako 12 ne da kashi 67 cikin 100 na albashi, zuwa wani iyaka. Kuɗin daga ɗan abin da ake cirewa a albashin ma'aikata ne ake zubawa a inshora. Direban manhaja ba shi da albashin da za a cire, sai dai ya shiga da ƙafarsa ya riƙa biya daga aljihunsa. A Niyok, in ya wuce mako 26 da fara sana'ar bai shiga ba, sai ya yi shekara 2 yana zubi kafin ya ci moriya. Teksas da mafi yawan jihohi ba su da wannan tsarin kwata-kwata. Birnin Austin na Teksas ma da ya yi dokar hutun rashin lafiya mai albashi a 2018, kotun jihar ta taka masa birki.

To, shi ya sa na ƙi "kwangila", kuma na ƙi ta da gaske. Wannan kalmar ita ce ainihin abin da ake shari'a a kai. A 2019 majalisar Kalifoniya ta yi dokar AB5, wadda ta ce duk wanda ke yi maka aiki ma'aikacinka ne, sai ka tabbatar da abu uku: ba ka juya shi, aikin ba shi ne ginshiƙin kasuwancinka ba, kuma yana da sana'arsa mai tsayuwa da kanta. Kamfanonin manhaja irin su Uber, Lyft, DoorDash da Instacart suka kashe sama da dala miliyan 200 a kamfen na ƙuri'ar raba gardama don a cire direbobinsu daga wannan dokar, suka ci da kusan kashi 58 cikin 100 a Nuwamban 2020, aka mayar da direbobi 'yan kwangila. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da hakan a Yulin 2024. Idan mai fassara ya rubuta "'yan kwangila" kai tsaye, ya yanke hukunci ke nan ya ba kamfani gaskiya, mai karatu bai ma san akwai gardama ba. Bayan haka, ɗan kwangila a kunnen Bahaushe mai babbar riga ne da ke gina makarantar gwamnati, ba saurayin da ke tuƙa keke cikin ƙanƙara da abincin wani a bayansa ba.

Wani Malam da ya rubuto daga Damagaram ya ce a bar shi a "ƙwadago". Allah ya ƙara sani, Malam, kalmar ta kusa. Sai dai ta riga ta faɗaɗa: Ƙungiyar Ƙwadago, Ma'aikatar Ƙwadago, ranar 'yan ƙwadago. Malamin jami'a ma a ciki yake. Ba za ta ware mana waɗannan mutanen daban ba.

"Wucin gadi" kuwa ba gaskiya ba ce ga wanda ya yi shekaru a kan sitiyari da ita yake ciyar da gida. "Buga-buga" akwai raini a ciki.

Shawarata ita ce jinga. Mai gona ya nuna maka fili, ku yanka farashin nomansa baki ɗaya. Ko ka gama a wuni ko a kwana uku, kuɗin ke nan. Jinga aiki take biya, ba ruwanta da lokaci. Wannan shi ne zuciyar maganar. Tsarin da Kalifoniya ta amince da shi a 2020 ya yi wa direba alƙawarin kashi 120 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi, amma daga lokacin da ya karɓi aiki zuwa lokacin da ya sauke fasinja kawai ake lissafi. Zaman jiran da yake yi a bakin titi, waya a hannu, a kansa yake. Shi kuwa hutu lokaci ne tsantsa, lokacin da ba ka aiki amma ana biyanka. Ta ina za a ciro shi daga tsarin da bai san lokaci ba? Da birnin Seattle ya tashi ba masu aikin manhaja, irin masu kai abinci, hutun rashin lafiya na dindindin a 2023, wanda ya haɗa da jinyar iyali, sai da ya ƙirƙiro ma'auni: kowane kwana 30 da ka yi aiki a birnin ka tara kwana 1, a biya ka gwargwadon matsakaicin abin da kake samu a rana. Birnin Niyok shi ma ta lokaci ya bi, ya sa wa masu kai abinci dala 17.96 a awa daga Disamban 2023. Duk wanda ya ji "jinga" zai gane wannan matsalar ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wata Hajiya ta kawo gyara mai nauyi: a jinga ana ciniki, a manhaja kuwa ba a yi. Gaskiyarki, Hajiya. Mai gona ba ya tsayawa a kanka, ba ya sa abokan hulɗa su ba ka taurarin auna aikinka, ba ya rufe maka asusu cikin dare. Irin waɗannan abubuwan ne kotun ƙolin Birtaniya ta duba a Fabrairun 2021: Uber ce ke yanka kuɗin tafiya, ita ke rubuta sharuɗɗa, ita ke hukunta mai yawan ƙin karɓar aiki, don haka ta ce direbobin ba masu zaman kansu ba ne. Saboda gyaran nan naki na ga kada mu bar kalmar ita kaɗai. A ce jingar manhaja. Mai yi ɗan jingar manhaja, mace 'yar jingar manhaja, jam'i 'yan jingar manhaja. Kalmar farko ta faɗi yadda ake biya, ta biyu ta faɗi mai juya akalar, sannan ta bar wa kotu da majalisa su ce ma'aikaci ne ko a'a.

Shi kuma hutun, "hutun haihuwa" ya yi masa kaɗan tunda har da jinyar uwa ko uba ko miji. Na fi son hutun hidimar iyali. Roƙona kawai, a riƙa ƙara "mai albashi" ko "marar albashi" kowane lokaci. Mai karatunmu ya saba da na aikin gwamnati, irin wata 6 da Legas ta ba ma'aikatanta mata a 2014 da Kaduna a 2019, da kwana 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa maza a 2021, duk albashi na shiga. In ya ji an ce Amurka na ba da mako 12 zai ɗauka haka ne.

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko masu adaidaita sahu sun shiga cikin 'yan jingar manhaja: a'a, Yaya. Mai adaidaita shi ke ciniki da fasinja, shi ke kai wa mai keke balas, babu manhaja a tsakani. Amma direban Bolt a Abuja da ke tuƙa motar wani ya haɗa biyun, manhaja ta cire kamashonta a kowace tafiya, mai mota kuma yana jiran balas ɗinsa a ƙarshen mako ko da matar direban tana ɗakin haihuwa. Shi ɗan jingar manhaja ne, a rubuta shi haka.