Wacce manhaja ce ta fi dacewa da kallon wasannin jami'o'in Amurka?

Baban_Ummi:
Salam 'yan uwa, ban daɗe da zuwa Ohio karatu ba, nan kowa maganar Buckeyes yake ran Asabar, wato ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar Ohio State, ni ma abin ya fara shiga raina, amma ba na son haɗa kebul, wacce zan biya don Allah?

Hajjo:
Wa alaikumus salam. Ai Ohio State a rukunin gasar jami'o'i na Big Ten take, wasanninsu tashoshin Fox da CBS da NBC ne ke nunawa sai Big Ten Network, YouTube TV na da su duka kuma za ka iya buɗe wasa huɗu a allo ɗaya. Amma wani wasan sai a manhajar Peacock kawai, wannan kuɗinta daban.

Malam Ɗanjuma:
Ƙanena in aljihu ba nauyi ka duba manhajar Sling, ta fi sauƙi, sai dai babu CBS a ciki, eriya 'yar ƙarama za ta kamo maka shi kyauta.

Hajjo:
Kar ka manta gasar ƙwallon kwandon jami'o'i ta watan Maris fa, CBS da TBS da TNT da truTV ke raba wasanninta, ka tabbata suna ciki kafin ka sa kati.

Baban_Ummi:
Na gode, bari in fara gwajin kyauta tukuna.