Wace kalma za mu ba wa "taɗbi'i" da Hausa?

Malamai da 'yan'uwa masu fassarar labarai, ga wata kalma da nake so mu tsayar mata da suna. Turawa na cewa "normalization", Larabawa kuma na cewa "taɗbi'i". Tun ranar 15 ga Satumbar 2020 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain suka rattaba hannu da Isra'ila kan yarjejeniyar ƙulla hulɗar jakadanci a birnin Washinton, kowa da yadda yake faɗin abin: wani ya ce sulhu, wani ya ce maido da hulɗa, wani ya ce daidaita dangantaka.

Sulhu dai a fitar da shi tun yanzu. Ana sulhu ne tsakanin waɗanda suka yi faɗa. Masar ta gwabza da Isra'ila a 1948 da 1956 da 1967 da 1973, don haka yarjejeniyarsu ta 1979 sulhu ce. Haka ta Jodan a 1994. Amma Daular Larabawa da Bahrain sai a 1971 suka zama ƙasashe masu cin gashin kansu, kuma ba su taɓa yaƙi da Isra'ila ba. In mai karanta labarai ya ce "an yi sulhu", dattijon da ya kara rediyo a kunne zai ɗauka wutar ta mutu ne, alhali mutanen Gaza da na Yammacin Kogin Jodan ko wurin zaman ba a gayyace su ba.

"Maido da hulɗa" na da inda ta dace. Najeriya ta yanke a 1973, ta maido a 1992 zamanin Babangida. Cadi ta yanke a 1972, ta maido a Janairun 2019 da Netanyahu ya je Injamena wurin Idriss Deby. Nijar ta maido a 1996, ta sake yankewa a 2002. Amma wanda bai taɓa ƙullawa ba, me zai maido?

Wadda ta fi yawo a bakinmu ita ce "daidaita dangantaka", kuma ita ta fi damuna. Abin da ya karkace shi ake daidaitawa. Da mun faɗe ta, mun riga mun yanke hukunci cewa ƙauracewar da aka yi saboda mamayar ƙasar Falasɗinawa ita ce karkacewa, yanzu kuma an miƙe. Wannan matsayin ɓangare ɗaya ne, kuma muna ɗaukar masa kaya ba tare da mun sani ba.

Ku dubi abin da ake nema da wannan aiki, don daga nan sunan zai fito. A Satumbar 1967 shugabannin Larabawa suka fito daga taron Hartum da a'a uku: ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa. A 1973 akasarin ƙasashen Afirka suka juya wa Isra'ila baya. A 1975 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira Sahyoniyanci, wato aƙidar kafa ƙasar Yahudawa, nau'in wariyar launin fata, sai a 1991 aka soke ƙudurin. Isra'ila ta ɗauki wannan saniyar ware a matsayin matsalar tsaro, daidai da matsalar makamai. A 2002, a taron Beirut, Yarima Abdullah na Saudiyya ya kawo tayin da Larabawa suka amince da shi: ku janye zuwa iyakokin 1967, a kafa ƙasar Falasɗinu da hedikwata a Gabashin Ƙudus, sannan mu yi hulɗa da ku kamar kowa. Dabarar Netanyahu ita ce juya wannan jeri, a karɓi hulɗar tun yanzu, maganar Falasɗinu kuwa a bar ta a baya. Amurka ce ta biya ladan. Maroko ta samu amincewar Trump da ikonta a kan Yammacin Sahara a Disambar 2020, Sudan kuma aka cire ta daga jerin ƙasashe masu ɗaukar nauyin ta'addanci a watan.

Mu ma nan ana zawarcinmu, domin Afirka na da ƙuri'u 54 cikin 193 a Majalisar. A Disambar 2014 ƙudurin sanya wa'adin kawo ƙarshen mamaya ya samu ƙuri'a 8 a Kwamitin Tsaro, ana buƙatar 9, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka ƙaurace. A 2017 Netanyahu ya yi jawabi a taron shugabannin ECOWAS a Monrobiya. A 2021 Musa Faki, shugaban hukumar Tarayyar Afirka na lokacin, ya ba Isra'ila kujerar 'yar kallo a Tarayyar Afirka, Afirka ta Kudu da Aljeriya suka yi tsaye suka ce ba su yarda ba, har aka fitar da jami'ar Isra'ila daga zauren taro a Adis Ababa a Fabrairun 2023.

Sai dai ofishin jakadanci ba shi ne ƙarshen buri ba. Masar ta haura shekara arba'in da sulhu, an yi musayar jakadu, amma ƙungiyoyin 'yan jarida da na masu fasaha na ƙasar sun hana mambobinsu hulɗa da Isra'ila, kuma su wannan suke kira ƙin taɗbi'i. Ke nan kalmar ta wuce takardar da ministoci suka sa wa hannu. Tana nufin jirgi ya tashi daga Tel Abib ya sauka Dubai kullum, a buga ƙwallo tare, a yi baje koli tare, har ido ya daina mamaki. Manyanmu na tuna 1984, lokacin da Sarkin Kano Ado Bayero da Oonin Ife suka ziyarci Isra'ila, gwamnatin soja ta Buhari ta hana su fita daga masarautunsu na wata shida. A lokacin, tafiyar kanta abin magana ce. Burin shi ne a kai ranar da ba wanda zai ɗaga kai.

Shi ya sa nake ba da shawarar SABARWA, daga "sabar da", kamar yadda ake sabar da yaro tashin asuba. Bahaushe ya san ƙarfin abin, tunda ya ce sabo turken wawa. Ku gwada ta a kanun labari: "Saudiyya ta ce ba sabarwa sai an kafa ƙasar Falasɗinu." "Masu adawa da sabarwa sun yi zanga-zanga a Rabat." In ana son aikatau: "Bahrain ta sabar da hulɗa da Isra'ila." Tana shiga baki ba gargada.

Wani ɗan'uwa daga Maradi ya ce mini, "Malam, ai taɗbi'i daga ɗabi'a ta fito, me zai hana mu ce ɗabi'antarwa?" Tushen daidai ne, Allah ya ƙara basira. Amma a kunnenmu ɗabi'a hali ne na mutum, wanda ya ji ɗabi'antarwa zai zaci wa'azin tarbiyya za a yi. Wata malama kuma ta nuna cewa a rubuce sabo na iya rikicewa da sabon abu, ko da saɓo in maɓallan waya ba su da ƙugiya. Gaskiya ne, Hajiya, shi ya sa na guji "ƙulla sabo" na riƙe sabarwa, wadda ba ta da wannan ruɗani.

Ban ɓoye inda zuciyata take ba: ina ganin duk sabarwar da aka yi ana cikin mamaya, Falasɗinawa ne suka biya kuɗinta. Amma kalmar ba zagi ba ce. Mai goyon baya zai iya cewa sabarwa alheri ce, mai adawa ya ce cin amana ce, dukansu suna nufin abu ɗaya, kuma haka ake so a ɗakin labarai.

'Yan'uwanmu Hausawan Sudan da na Cadi, ku da kuke jin "taɗbi'i" kai tsaye a rediyon Larabci, in kuna hira da Hausa yaya kuke faɗa? In kuna da kalmar da ta riga ta zauna a bakin jama'a, ku kawo ta a gwada ta a waɗannan kanun labarai uku.