"A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani": ya dace da mai jiran kaya su ƙara sauka?

Malamar Firamare: Jama'a ku raba mu. Na ɗauki adashina, ina son saka sola a gida: faranti, batir da inbata (na'urar da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida). Farashin faranti sai sauka yake, shi ya sa na ce bari in ƙara jira. Yayana ya ce mini "a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani." Ni kuwa na ce sauri ya haifi nawa. Wa ya fi gaskiya?

Baban Yara: Malama, Yayanki ya ɗora karin maganar inda ba wurinta ba. Tuwo ake nufi, wanda an riga an zuba maka, ka tsaya jiran ya huce har baƙo ya yi sallama. Abin da ke hannunka ne ke suɓucewa. Sola kuwa tana shago, ba wanda zai cinye ta.

Ɗan Canji: Baba, a yi mini afuwa, tuwon ai kuɗin adashin ne. Su ne a hannunta. Kuɗi idan suka kwana a ɗaki, biki da asibiti da ɗan'uwa mai neman rance duk sun san hanya. Kuma sola kayan dala ce. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar canji ta Wapa da ke Kano, zuwa Afrilu ta faɗo kusan 1,100. Na ga masu cewa sai ta kai 800 za su saya. Kafin shekara ta ƙare ta haura 1,600.

Na Dawanau: To ni akasin haka na gani. Waɗanda suka yi rububin sayen masara da kakar 2024 suka tara, suna jiran tsadar damina, a 2025 sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Da sun bari ya huce, da rabon nasu ne.

Ɗan Canji: Wannan kasuwanci ne, Alhaji. Ita amfani za ta yi da abin.

Baban Yara: Nan kam na yarda da kai. 'Yata, ki lissafa abin da kike kashewa a man janareto duk wata. Idan ya fi ragin da kike jira, jiran ne ke cin ki. Amma har yanzu ina nan kan bakana: karin maganar ta mai sakaci ce, ba ta mai lissafi ba.

Malamar Firamare: Na gode, Baba. Na lissafa, man ya fi. Ranar Asabar zan je in tambayi farashi a shago uku, musamman na batir, don shi ne ya fi cin kuɗi.